Dila ne, Kare ne, ko Kyarkeci?

Iyayenmu mata da ke bakin murhu, manoman da suka dawo daga gona, makiyayan da rediyo ke rataye a kafaɗarsu, ina gaishe ku baki ɗaya. Yau sharhinmu daji zai shiga.

Kowa ya taɓa jin irin wannan labari. Wata dabba ta shigo gari da tsakar dare. Ta ɗauke ɗan akuya, ta haura danga. Wanda ya haska ta da tocila ya rantse ba kare ba ce. Maƙwabcinsa ya ce shi ya san kura, wannan ba kura ba ce. Kafin hantsi wani hoto mai duhu ya zaga WhatsApp. Kafin azahar an fara cewa mutum ne ya rikiɗa. To, mece ce wannan dabba? Kuma ta yaya ake gane gaskiyarta?

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne wannan: a cikin dangin kare, ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A kan waɗannan dabbobi, maganar nan gaskiya ce tsantsa. Har masana masu manyan digiri, ido ya yaudare su shekara da shekaru. Kuma dabbar da ta fi yaudararsu ba a wata uwa duniya take ba. Tana nan bayan gonakinmu. Dila ne.

E, dila dai. Malamin daji na tatsuniya, wanda ke yi wa kura wayo yana raba gardamar namun dawa. Bari mu fara da labarinsa, domin a nan zancen ya fi daɗi.

Tsawon zamani, littattafan ilimin dabbobi sun tafi a kan abu guda. Sun ce dilan nan mai launin yashi da ke arewacin Afirka da yankin Sahel, shi ne dai dilan da ke Indiya da Gabas ta Tsakiya da kudancin Turai. Nau'i ɗaya ne, in ji su. Kuma ba za ka ga laifinsu ba. Ka ajiye hotunan biyun gefe da gefe. Girma ɗaya, launi ɗaya, tsinin baki ɗaya, kunnuwa a tsaye. Abincinsu ma ɗaya: ɓera, zomo, ƙadangare, fara, 'ya'yan itace, mushe, da ɗan rago in an yi sakaci.

Amma tun da can akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta ba. A shekarar 1820 wani Bafaranshe, Frédéric Cuvier, ya duba wani dila da aka kawo daga Senegal, ya ba shi sunansa na daban. A 1880 wani masani ɗan Ingila, Thomas Huxley, ya auna ƙoƙon kan dilan Masar, ya ce wannan ai ya fi kama da na kyarkeci. In na ce kyarkeci a nan, ina nufin babban nan mai ruwan toka na Turai da Asiya, wanda daga tsatsonsa karen gida ya fito. Maganar Huxley ba ta samu karɓuwa ba. Masanan da suka zo daga baya suka tattara dilan Afirka da na Asiya suka zuba su a kwando ɗaya. Haka aka ci gaba da koyar da ɗalibai.

Sai me ya faru? Sai gwajin ƙwayoyin gado ya zo.

Bari in ɗan tsaya in bayyana wannan, don kada mu bar kowa a baya. Kowace halitta tana ɗauke da wasu ƙwayoyi a jikinta waɗanda ta gada daga uwa da uba. Suna cikin jini, suna cikin saiwar gashi, suna cikin ƙashi, har a cikin kashin da dabba ta yi ta wuce. Kamar tsagar gado ce a fuska: wanda ya iya karanta ta zai faɗa maka gidan da mutum ya fito. Bambancin kawai, wannan tsagar ba wanzami ya yi ta ba, kuma ba ta goguwa. Masani zai tsinci gashi a jikin ƙaya, ko busasshen kashi a kan dutse, ya kai ɗakin gwaji. Ba sai ya kashe dabbar ba. Ba sai ma ya gan ta ba.

A shekarar 2011 masu bincike daga jami'o'in Oslo da Addis Ababa da Oxford suka gwada samfurin da aka tattaro a tsaunukan Habasha. Suka tarar da abin mamaki. Dabbar da kowa ke kira dila, ƙwayoyinta sun fi kusa da na kyarkeci. Shekara ɗaya bayan haka, wani Bafaranshe mai suna Philippe Gaubert da abokan aikinsa suka samu irin wannan sakamako a Aljeriya da Mali da Senegal. Kun ga maganar ta matso kusa da gida. A 2015 ne aka rufe gardamar. Klaus-Peter Koepfli na cibiyar Smithsonian ta Amurka da tawagarsa suka kwatanta dilan Afirka da na Asiya sosai da sosai, suka wallafa a mujallar Current Biology. Sakamakon ya fito fili. Nau'i biyu ne daban. Hanyarsu ta rabu tun fiye da shekara miliyan ɗaya. Namu na Afirka ya fi kusa da kyarkeci da karen gida fiye da yadda yake kusa da takwaransa na Indiya. Yanzu a littattafai ana kiransa kyarkecin Afirka mai ruwan zinariya.

Ku yi tunani a kan wannan, masu sauraro. An ce kimanin shekara 150 ke nan ba a ƙara sabon nau'i a jerin dangin kare na Afirka ba. Da aka tashi ƙarawa, ba a cikin wani kogo aka samo shi ba. Ba a ƙungurmin dajin da ƙafa ba ta taɓa takawa ba. Dabba ce da ke yawo daga Maroko zuwa Masar, daga Senegal ta bi Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har Tanzaniya. Makiyayi ya san kukanta da asuba. Manomin kankana ya san ɓarnarta. Kowa na ganinta, amma ba wanda ya san asalinta. Kama da wane ba ta wane.

Wani zai tambaya: to me ya sa suka yi kama haka, in ba 'yan uwan kusa ba ne? Amsar ita ce rayuwa. Dabbar da ke zaune a fili mai zafi, tana farautar ƙananan namu, tana buƙatar jiki mara nauyi da launin da zai saje da ƙasa. Wuri iri ɗaya da abinci iri ɗaya suka ba su siffa iri ɗaya. Ikon Allah ke nan.

Labarin bai ƙare a nan ba. A 2018 wani bincike ya nuna cewa shi kansa dilan namu ruwa biyu ne tun asali. Kashi mafi yawa na jininsa na kyarkeci mai ruwan toka ne. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuwa na wani kyarkeci ne ja da ke tsaunukan Habasha. Zan dawo kan wannan na Habasha, domin shi ne wanda ya fi damuna a duk zancen nan.

Yanzu bari mu juya. Mun ga dabbar da aka ɗauka sananniya, ashe sabuwa ce. Akwai kuma akasin haka, kuma shi ya fi yawa: dabbar da aka ɗauka baƙuwa, ashe sananniya ce.

Kada ku zaci mu kaɗai ke firgita da hoton waya. A watan Mayun 2018 wani mai kiwo a jihar Montana ta Amurka, kusa da garin Denton, ya harbe wata dabba da ta tunkaro dabbobinsa. Da aka ɗora hotonta a intanet, sai surutu ya ɓarke. Ƙafafun sun yi gajarta, in ji wasu. Kunnuwan sun yi girma, faratan sun yi tsawo. Wasu suka ce dodo ne. Wasu suka ce wata dabbar zamanin da ce da aka zaci ta ƙare. Hukuma ta aika samfur ɗakin gwaji a jihar Oregon. Bayan kamar wata guda amsa ta dawo: kyarkeci ne na yau da kullum, mace, matashiya. Shi ke nan.

A jihar Texas kuma an sha tsintar gawar wata halitta mara gashi, fata baƙa a tamushe, haƙora a waje. Mutane suka yi ta cewa dodon nan ne mai shan jinin awaki. Gwaji ya nuna mafi yawansu kare ne ko koyot, wato dilan Amurka, waɗanda ƙazuwa ta cinye. Wannan ya kamata mu lura da shi, domin ƙazuwar tana nan a wurinmu. Ƙananan ƙwari ne ke shiga ƙarƙashin fata. Gashi ya zube ƙurmus. Fata ta yi kauri ta tsattsage. Dabbar ta rame har ƙashin haƙarƙari ya fito, wutsiya ta zama tsinke. Ba ta da ƙarfin farauta, sai ta matso gari tana neman kaji da juji. Wanda ya gan ta da dare dole ya tsorata. Amma ba dodo ya gani ba. Mara lafiya ya gani.

Tsoro kuwa tsohon abu ne. A yankin Gévaudan na Faransa, daga 1764 zuwa 1767, wata dabba ta kashe mutane wajen ɗari, yawancinsu mata da yara masu kiwo. Sarki Louis na 15 ya aika maharbansa. Sun kashe wani ƙaton kyarkeci, amma kisan bai tsaya ba, sai da wani maharbin ƙauye, Jean Chastel, ya harbe wata dabbar a 1767. Har yau masana tarihi na gardama. Wasu sun ce kyarketai ne da yawa. Wasu sun ce ruwa biyu ne tsakanin kare da kyarkeci. Da a ce an adana ko da tafin fata ɗaya da aka tabbata tata ce, da yau an raba gardamar cikin mako guda.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta gaba. Shin da gaske kare na haɗa iri da namun daji?

Ƙwarai kuwa. Kare, da kyarkeci, da koyot, da dilan nan namu, kusancinsu ya kai su haihu tare, kuma 'ya'yan su ma su haihu. A gandun dajin Yellowstone na Amurka wajen rabin kyarketan baƙaƙe ne. Bincike a 2009 ya gano cewa baƙin gashin nan daga karen gida suka samo shi, dubban shekaru da suka wuce. A Brazil kuma, a 2021, mota ta buge wata dabba a garin Vacaria. Aka kai ta asibitin dabbobi. Tana haushi irin na kare, amma ta ƙi abincin kare, sai ɓera. Gwaji ya nuna ubanta kare ne, uwarta kuwa wata yanyawar filayen ƙasar. Ba a taɓa tabbatar da irin wannan haɗi ba kafin ita.

Abin na da ban sha'awa a ji. Amma a wasu wurare masifa ce. Mu je Habasha, kamar yadda na yi alkawari.

A can saman tsaunukan Bale da Simien, inda tsayi ya wuce mita 3,000 kuma raɓa ke daskarewa da asuba, akwai wani kyarkeci ja jawur, mai farin maƙogwaro da dogayen ƙafafu. Babu shi ko'ina a duniya sai a tsaunukan Habasha. Bai damu da tumaki ba sosai. Ɓerayen dutse yake ci. Za ka gan shi shi kaɗai da rana tsaka, ya laɓe a bakin rami, kunnuwa a gaba, bai ko motsi, har sai ɓeran ya leƙo. Da yamma ya koma cikin danginsa. Duk waɗanda suka rage a doron ƙasa ba su wuce wajen 500 ba. Ɗari biyar kacal, jama'a. Wata unguwa ɗaya ta fi su yawan karnuka.

Me ke ƙarar da su? Ba bindiga ba ce ta farko. Karen gida ne. Makiyaya sun hau tsaunin da shanunsu, karnuka na biye. Karnukan suka kai ciwon haukan kare. A farkon shekarun 1990 cutar ta kashe fiye da rabin kyarketan da ake sa wa ido a wani sashe na Bale. A 2003 ta sake dawowa. Haka kuma an ga wasu 'ya'ya masu kaurin jiki da gajeren baki da launi dabam. Gwaji ya tabbatar ubanninsu karnuka ne. In nau'i ya ragu haka, kowane ɗan ruwa biyu asara ce, domin jinin asali na narkewa a hankali har ya ɓace.

Abin da ya burge ni shi ne maganin da aka samo. Ba a kori makiyaya ba. Ba a bi karnuka da guba ba. Tun 1995 akwai wani shiri na kare wannan kyarkeci, wanda masanin Oxford Claudio Sillero ya assasa tare da 'yan ƙasar. Suna bi ruga-ruga suna yi wa karnuka allurar rigakafi. Allurar da ta ceci kyarkeci ita ce ta ceci saniyar makiyayi, ita ce kuma ta ceci ɗansa daga cizon mahaukacin kare. Ni a ganina wannan shi ne aiki na hankali, kuma babu abin da zai hana a yi irinsa ko'ina.

To akwai sauran waɗanda ba a gano ba? Ƙofa ba ta rufe ba. A tsibirin New Guinea an daɗe ana zaton wani karen daji mai kuka kamar waƙa ya ƙare a dawa. A 2016 aka ɗauki hotunan wasu a kan tsauni kusa da mahaƙar zinariya ta Grasberg, kuma a 2020 gwajin jini ya tabbatar su ne. Sai dai ku lura da yadda aka gano su. Kyamara aka kafa, aka yi haƙuri, aka ɗebi jini, aka saki dabbar. Ba jita-jita ce ta gano su ba.

Yanzu mu dawo gida, domin nan ne maganar ta shafe ni da ku.

In ka haɗu da dabbar da ba ka gane ba, akwai abubuwan da ido zai iya taimakawa a kai, ko da ba zai yanke hukunci ba. Dubi ƙarshen wutsiya. Dilan nan mai launin yashi, bakin wutsiyarsa baƙi ne. Akwai wani dilan na biyu da ya fi son daji mai ciyawa da danshi, can wajen kudu. Shi bakin wutsiyarsa fari ne, kuma yana da zane a haƙarƙari. Yanyawa ƙarama ce, ba ta fi kyanwa nauyi ba, ga manyan kunnuwa, a rami take kwana. Kyarkecinmu na dawa kuwa, mai rodi-rodin baƙi da fari da rawaya, kunnuwansa faffaɗa ne a zagaye, kuma garke-garke yake farauta. Shi ba ya haɗa iri da karen gida. Kakanninmu sun san shi sarai. Yau a yammacin Afirka ya kusa ƙarewa, kuma gandun dajin Niokolo-Koba na Senegal na cikin 'yan wuraren da suka rage masa. Duk wanda ya gan shi a yankinmu ya ga abin da masana za su yi tattaki dominsa.

In gari ya waye, duƙa ka dubi sawu a kan ƙasa mai laushi. Sawun dangin kare yana nuna farata a gaban yatsu. Na dangin kyanwa, irin su damisa, ba ya nunawa, domin suna janye faratansu in suna tafiya. Sawun kura na da farata, amma na gaba ya fi na baya girma sosai. Ita kura ma ba dangin kare ba ce sam. Ta fi kusa da kyanwa. Kun ga, a nan ma kama ta yaudare mu.

Akwai abu guda da nake roƙon 'yan uwana makiyaya su daina. Na san zafin asarar ɗan rago. Wanda bai yi kiwo ba, ba zai gane ba. Amma barbaɗa guba a jikin mushe ba ya zaɓen mai laifi. Dila zai ci. Ungulu za ta ci, su mutu da yawa a wuri ɗaya. Karen rugarku zai ci. Ruwan sama ya wanke saura zuwa tafkin da dabbobinku ke sha. Shi kuma dilan da kuka kashe, shi ne ke rage muku ɓera da gafiya a gona. Shinge mai ƙarfi da kare mai tsaro sun fi guba amfani.

Haka kuma, dabbar dajin da ta shigo gari da rana tsaka ba ta gudun mutane, tana layi, yawu na dalala, kada kowa ya matsa kusa da ita. A janye yara. Wannan alamar haukan kare ce. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. In alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. In an kashe dabbar, kada a feɗe ta, kada a taɓa ta da hannu tsirara. A kira malamin dabbobi. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana irin wannan gwaji.

Kalmata ta ƙarshe gare ku, masu sauraro. Matasa masu waya a hannu, in kun ɗauki hoton wata dabba, ku rubuta wurin da ranar. Ku ajiye takalmi ko ashana kusa da sawun don a gane girmansa. Ku kai wa malamin dabbobi ko ma'aikacin gandun daji kafin ku tura wa duniya. Ɗalibanmu na sashen nazarin dabbobi a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ga aiki a ƙofar gidanku. Ku je wurin tsofaffin maharba da sarakunan dawa tun suna raye. Ku tambaye su irin dila nawa suka sani, ina kowanne yake kwana, yaya kukansa yake, yaushe rabonsu da ganin kyarkeci. Ku rubuta abin da suka faɗa, sannan ku kai gashi da kashi ɗakin gwaji. Masu karnuka kuma, a daure a kai su allurar rigakafi bana.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu.